Daga Birnin Kebbi Zuwa Argungu da Tsohuwar Mota

Birnin Kebbi da Argungu maƙwabta ne, tsakaninsu bai fi kilomita 55 ba, kuma gulbi ɗaya suke sha. A Birnin Kebbi Sarkin Gwandu yake zaune, tun 1991 kuwa nan ne babban birnin Jihar Kebbi. Argungu ita ce mazaunin Sarkin Kabi. A zamanin dā, bayan da mayaƙan jihadi suka ci Birnin Kebbi a 1805, Kabawa suka yi shekaru da yawa suna fama da Gwandu da Sakkwato. Yau manomin shinkafa yakan karya kumallo a ɗaya, ya ci kasuwa a ɗayan.

Mun kama wannan hanya ran wata Asabar cikin hunturu, mu malamai uku da yara huɗu na aji shida, domin su ga abin da muke koya musu a tarihi. Motarmu tsohuwa ce ta ikilisiya, mai sandar giya a jikin sitiyari. Ita ce kuma mai kai marasa lafiya asibiti da dare, saboda haka muna lallaɓa ta kamar ƙwai.

Bayan mun wuce Ambursa, direba ya so ya sauko daga lamba huɗu zuwa uku, sai sandar ta saki, tana lilo a hannunsa ba ta kama kome. Ya taka kuloci, muka gangara gefen titi. Ɗayanmu ya ce, "Shi ke nan, giyabos ya mutu." Kowa ya yi tsit, gama mun san kuɗin giyabos ya fi ƙarfin baikon wata uku.

Wani yaro mai keke ya kira mana wani dattijo bakanike. Ya gaishe mu, ya ce da Kabancinsa, "Malam, mi as same ta?" Muka ce, "Baba, giya ta ƙi shiga." Bai taɓa sifana ba tukuna. Ya sa a kashe inji, a ja birkin hannu, a tokare tayoyi da duwatsu, ya ce kada kowa ya shiga ƙarƙashin mota yana dogara ga jak kaɗai. Sa'an nan ya sa direba ya motsa sandar, shi kuwa yana leƙen ƙasa.

Ga abin da ya koya mana, ku riƙe shi. In giya tana shiga sa'ad da inji yake kashe, amma tana gurzawa in an tashe shi, a duba kuloci. In tana fita da kanta ana cikin tafiya, ko tana kuka, mai yiwuwa ciwon yana cikin giyabos. Amma in sanda ta yi sako-sako ba nauyi, laifin yana tsakaninta da giyabos. Akwai ƙarafa biyu da suke kai saƙo: ɗaya yana zaɓen layin da giya take, ɗaya yana tura ta ciki. A bakin kowanne akwai ɗan ƙoƙon roba da yake riƙe da kan ƙarfe mai kamar ƙwallo. Ƙura takan haɗu da tsohon girisi, su yi ta cin robar har ƙarfen ya zame. Abin da ya same mu ke nan.

Dattijon ya yanko guntun tsohuwar robar cikin taya, ya cusa a ƙoƙon, ya mayar da ƙarfen, ya ɗaure da waya. Ya ce, "Wanga ɗauri na kai ku gari ne, ba na zama ba." A Argungu muka sayi sabuwar roba. Aka wanke wurin, aka shafa girisi, aka sa sanda da giyabos duka a firi, sa'an nan aka daidaita tsawon ƙarfen da noti, har kowace lamba da ribas suka shiga ba gardama. Kuɗin duka bai kai na man da muka sha a hanya ba.

Da azahar muka shiga Gidan Tarihi na Kanta. Sarki Yakubu Nabame ya kafa gidan, sarakuna suka zauna ciki har 1942, aka mai da shi gidan tarihi a 1958. Yara suka ga masu, da takubba, da tambura, suka ji labarin Muhammadu Kanta da birninsa Surame. Daga nan muka gangara Matan Fada, inda dubban masunta sukan faɗa ruwa da homa da gora. Bikin ya samo asali a 1934, sa'ad da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya kawo ziyara, alamar gaba ta ƙare. A 2016 hukumar UNESCO ta sa shi cikin al'adun duniya da za a kiyaye.

Ya ku masu kula da motar gida ko ta ikilisiya, in giya ta fara tauri ko wasa, kada ku sa mata ƙarfi, kada kuma ku yarda a sauke giyabos sai an duba waɗannan ƙarafa. Manzo Bulus ya koya wa Korintiyawa cewa gaɓoɓin jiki da ake gani raunana, ba a iya yi sai da su. Haka yake a mota, haka a gida, haka a ikilisiya. Allah ya kiyaye mana hanya.