Daga Gaɓa ko Daga Kwale-kwale?

A hutun rani wana ya komo daga Mombasa da wani tabarau mai bututu, wanda a kan kifa fuska cikin ruwa da shi ana numfashi, ana kallon kifaye. Ya ce a can masu hali jirgi su ke hawa, talaka kuwa ya taka daga gaɓa. Na ce sai na gwada a Kogin Challawa, inda na koyi iyo.

Da fari na shiga daga gaɓa, ƙasa da inda magudanar majemu ke zubowa. Kai jama'a! Ruwa baƙi, ga ɗoyi, ko tafin hannuna ban gani ba. Na kwana ina susa.

Kashegari na biya wani dattijo masunci ya tura ni sama cikin kwale-kwalensa. Can na ga rairayi, ga 'yan karfasa suna gilmawa. Ya ce, "Samari, a zamaninmu ba sai da jirgi ba."

Maganar nan ta tsaya mini a rai. Ruwa ba ya tsami banza: dagwalon masana'antun Sharaɗa yana bin Salanta zuwa Challawa, na Bompai yana bin Getsi zuwa Jakara. Mai kuɗin jirgi ya iya kauce masa. To, mai ban-ruwan latas fa, da yara masu wanka? Su kullum a gaɓa su ke.

In nishaɗi ka ke so, mai karatu, hau kwale-kwale. In kuwa halin da garinmu ke ciki ka ke son gani, shiga daga gaɓa.