Jagoran Marasa Sulke

A ranar hawan Sallah, idon ɗan kallo a Ƙofar Soro yakan tafi ne ga 'yan lifida da masu sulke da kwalkwali, waɗanda dawakansu suka sha ado tun daga goshi har kuturi. Ba safai ake lura da dakarun da ke tafe a ƙasa ba. Amma rundunar da Kauran Katsina ke ja a zamanin yaƙe-yaƙe ba ta masu sulke kaɗai ba ce. Akasarinta mutane ne da ba su mallaki komai ba sai baka da kwari da ƙarfin zuciya. Ni ban taɓa hawa doki ba. Rundunar da na shafe shekaru ina ja ta mutum hamsin ce, kuma tana zaune ne a cikin wayar hannu.

Wasan shi ne Clash of Clans, wanda kamfanin Supercell na ƙasar Finlan ya fitar a 2012. Kowane ɗan wasa yana gina garinsa, ya kewaye shi da ganuwa, ya horar da mayaƙa, sannan ya shiga wata runduna wadda ba ta wuce mutum hamsin. Idan shugaba ya buga gangar yaƙi, sai a haɗa su da wata runduna daga ko'ina a duniya. Akan ba da yini guda na shiri da yini guda na gumurzu. Kowa yana da hari biyu, kowane hari minti uku ne, kuma sakamakonsa taurari ne: ɗaya idan ka rushe rabin garin abokin gaba, ɗaya idan ka kayar da fadarsa, na uku idan ka share shi ƙarƙaf. Rundunar da ta fi tara taurari ita ta ci.

A nan ne nauyin shugaba yake, domin shi ke zaɓen wanda zai shiga yaƙi da wanda zai zauna a gida. Ƙa'idar da yawancin manyan rundunoni ke bi mai sauƙi ce: a duba matsayin fadarka da ƙarfin jarumanka, in ba su kai ba a rufe maka ƙofa. Ba a wannan wasan aka fara hakan ba. Tun a World of Warcraft, wanda ya fito a 2004, inda mutum arba'in kan haɗu su afka wa dodo guda, an saba auna mutum da kayan jikinsa kafin a saurari bakinsa. Sabon shiga ba zai sami kaya ba sai ya je hari, kuma ba za a tafi da shi hari ba sai yana da kaya. An ce da kare ana biki a gidansu, ya ce ya gani a ƙasa.

A Katsina kuwa, rashin kaya hawa biyu ne. Akwai na cikin wasa, akwai na wajensa. Yaron da ke koyon ɗinki a Ƙofar Marusa yana wasa ne da wayar yayarsa mai tsagaggen gilashi, wadda kan ɗauki zafi ta tsaya cik a tsakiyar hari. Ɗalibin da ke Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa yana lissafin data kamar yadda uwargida ke lissafin awo, musamman tun da aka amince da ƙarin kashi 50 cikin ɗari na kuɗin kira da data a farkon 2025. Wani kuma wayarsa tana wurin mai caji har la'asar saboda ba a kawo wuta ba. Takwaransa na Turai yana iya sayen duwatsun wasa da kuɗi ya gama cikin daƙiƙa ginin da namu zai jira kwanaki. Idan na ce sai mai cikakken kaya zai bi ni, to talauci nake hukuntawa, ba lalaci ba.

Saboda haka na tsara wa rundunarmu wata hanya. Sabon shiga ba ya kai hari sama da sa'arsa, kome zafin jininsa. Ana nuna masa gari daidai ƙarfinsa, kuma shi ke fara fita da sassafe, domin in ya bar saura manya su share da daddare. Kafin ya fita, wani babba zai cika masa sansani da mayaƙa masu ƙarfi na gudummawa. Bayan ya dawo, mukan kalli maimaicin harinsa tare, mu faɗi abu ɗaya da ya yi daidai da abu ɗaya da zai gyara. Ɗaya kawai. Wanda aka zazzage wa kurakurai goma a gaban mutum hamsin ba ya gyara ko guda. Fita yake yi cikin dare ba sallama. Doka ta ƙarshe ita ce ba a zagi, ba a kuma yi wa kowa dariyar waya.

Wannan tsari yana da tsada, kuma manyanmu ne ke biya. Mun sha faɗuwa da tazarar tauraro ɗaya, tauraron da kowa ya san a hannun wa ya zube. Wata rana ɗaya daga cikin gwanayenmu, wanda ya girme ni, ya ce da ni: "Malam, mu wasa muka zo yi, ba makarantar allo muka buɗe ba." Ban ga laifinsa ba. Mutum ne da ke yini a kasuwa, kuma minti shidan nan su ne hutunsa. Na ce masa: "Yaya, ranar da ka shigo, wa ya cika maka sansani?" Bai amsa ba. Ya tafi wata runduna ya yi wata biyu, sannan ya dawo, ya ce can ana cin yaƙi amma ba wanda ke tambayar lafiyar iyalinka.

Jarrabawa mafi girma ta zo ne a Satumbar 2021, lokacin da aka katse layukan sadarwa a ƙananan hukumomi 13 na jihar Katsina saboda matsalar 'yan bindiga, ciki har da Batsari da Jibiya da Safana da Ƙanƙara. Birni bai shiga ciki ba, amma mutum bakwai daga cikinmu suka yi tsit dare ɗaya. A idon wasan, su malalata ne da suka daina fitowa, kuma gurbi bakwai cikin hamsin ba ƙaramin abu ba ne. Aka kawo shawarar a sallame su a ɗauko ƙarfafa daga Legas. Na ce ba za a taɓa sunan kowa ba. Muka rage girman yaƙinmu, muka ci gaba da 'yan tsirarun da ke nan. Lokaci-lokaci wani yaro daga Batsari, in ya shigo birni, yakan leƙo ya rubuta: "Yaya, muna nan lafiya, kada a cire ni." Da aka maido da layi a Disamba, shida suka dawo. Na bakwai har yau garinsa yana nan a jerinmu, ciyayi da itatuwa sun tsiro a gefen ganuwarsa. Ba wanda ya sake kawo maganar gurbinsa.

A 2022 masu wasan suka ƙara wani sashe, babban birnin runduna, wanda kowa ke zuba dukiya a gina tare, a kuma fita hari daga Juma'a zuwa Litinin. Abin da ya burge ni shi ne, a can mayaƙan na runduna ne, ba na mutum ba. Sabo da tsoho kaya ɗaya suke ɗauka, kuma ɓarnar da na farko ya yi tana nan tana jiran na biyu ya ɗora. Gayya ce sak, irin wadda ake yi a gonakin karkara, inda mai ƙaramar fartanya ma kunyarsa ake ƙirgawa. A nan ne muka gane cewa wasu daga cikin yaran da ake ganin nauyi ne sun fi mu ido da lissafi. Kaya ne kawai ba su da shi.

Na san akwai mai cewa duk wannan wasa ne, kuma gaskiyarsa. Taurarin ba sa sayen mudun gero. Sai dai yaron da aka kora saboda wayarsa ta tsufa ba a cikin wasa yake jin zafin ba, kuma darasin da zai ɗauka game da masu ƙarfi ba a cikin waya zai bar shi ba. Gobe shi ne maigidan shago, shi ne malamin aji, wani kuma zai tsaya a gabansa hannu wofi yana neman a gwada shi. Yaron ɗinkin nan na Ƙofar Marusa yanzu shi ne mataimakina. Idan baƙo ya nemi shiga da ƙaramin gari da rusasshiyar ganuwa, kafin in kai hannu ya riga ya buɗe masa, ya tambaye shi ƙarfe nawa ake kawo wuta a unguwarsu.