Fangalin Tsakuwa a Bayan Gidan Kawu

Duk mai kiwon tarwada a cikin gida ya san canjin ruwa ne ke cinye ƙarfinsa. Kwana kaɗan ruwa ya yi kore, ya fara wari, a zubar a kwata, maƙwabta su yi ƙorafi. Wannan ne ya sa kawuna, a shekarun da na gama sakandare ina zaune wurinsa a Zariya, ya tsaga gangunan roba gida biyu, ya cika su da tsakuwa, ya ɗora su sama da tankin kifinsa. Shi fangali yake kiransu, irin na lambu, duk da babu ko ƙwayar ƙasa a ciki. Famfon lantarki na tura ruwan kifi zuwa tsakuwar, alayyafo da latas da ɗoɗɗoya su sha, ruwan ya komo tanki a tace. Kula da kewayar ruwan nan shi ne aikina.

Kafin a dasa komai, sai da muka wanke tsakuwar, Kawu ya matsa lemun tsami a kan kaɗan daga ciki. Da ta yi kumfa, da farar ƙasa ke nan a jikinta, kuma za ta lalata ma'aunin tsamin ruwan. Zurfin fangali santimita 30 ne, amma ruwa ba ya kai bakinsa. Ana barin kamar santimita 5 na sama a bushe, don kada gansakuka ta kama, kada kuma gindin shuka ya ruɓe.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne bututun da ke zuƙe ruwan. Akwai wani siriri a tsaye a tsakiyar ganga, an kifa masa wani mai faɗi, rufaffe ta sama, da ƙofofi ta ƙasa. Ruwa na hawa a hankali har ya kai bakin na ciki, iska ta fice, sai zuƙa ta kama, cikin 'yan mintuna fangali ya tsane. Iska na shiga ta ƙasa sai ka ji ƙara kamar mai kurkure baki, zuƙa ta tsaya, cika ta sake farawa. Babu mai taɓa shi. Amma yana da tsiya: in famfo ya yi rauni, ruwa ya dinga tsiyaya ba tare da zuƙar ta kama ba, in ya yi ƙarfi, ta kama ta ƙi saki. Da kunne na koyi saita shi. Ko ina ɗaki, in shiru ya yi yawa, na san akwai matsala.

"Ɗana, kai cikar ruwan kake kallo," in ji Kawu wata rana, "ni janyewarsa nake jira." Gaskiyarsa ne. Duk lokacin da ruwa ya janye, yana jawo sabuwar iska tsakanin duwatsun. Saiwa na buƙatarta, haka ma ƙwayoyin bakteriya da ke manne da tsakuwar, waɗanda su ne ainihin ma'aikatan wurin. Kifi na fitar da amoniya, wadda guba ce a gare shi. Wasu ƙwayoyin su mai da ita nitirait, ita ma guba. Wasu su mai da wannan nitirat, abincin ganye. Kafin su kafu sosai akan ɗauki mako 4 zuwa 6, shi ya sa Kawu ya fara da kifi kaɗan, abinci kaɗan, mutane na cewa ya cika rowa. Da hunturu kuwa sanyi na rage wa ƙwayoyin kuzari, mu ma sai mu rage abincin kifi. Ruwan famfo ba ya shiga tanki sai ya kwana a buɗe, saboda sinadarin kulorin na kashe ƙwayoyin.

Daga baya na karanta cewa Mark McMurtry ya gwada irin wannan da yashi da karfasa a Jami'ar Jihar North Carolina ta Amurka tun shekarun 1980. Na yi murna da ganin haka, amma akwai abin da littattafan can ba su cika damuwa da shi ba, wato ɗaukewar wuta.

Tarwada na iya leƙowa sama ta shaƙi iska, don haka ko famfo ya tsaya ba ta mutuwa nan take. Wannan juriyar tata ce ke ruɗin mutane. Suna ganin kifi na motsi sai su ce lafiya lau, alhali fangali na can ko dai ya bushe a rana, ko ruwa ya kwanta masa saiwa na shaƙewa. Ranar da babu wuta, da bokiti nake ɗiba daga tanki in zuba har zuƙa ta kama, in huta, in sake. Bayana ya sha wuya, amma ganyen bai taɓa yin yaushi ba. Kuɗin farko da Kawu ya samu daga tarwadar, faifan sola da batir ya saya wa famfon, tun kafin ya ƙara kifi ko ɗaya.