Wake a Gaban Baƙo

Ranar da na fara cin abinci a gidan dattijuwar da nake haya a wurinta a Napoli, ta ajiye mini kwanon taliya da wake, ta tsiyaya ɗanyen man zaitun a kai, ta ja gefe tana jiran yabo. Na yi ta juya cokali ina laluben tsoka. Ko ƙashi babu. A raina na ce, ashe baiwar Allah ba ta ɗauke ni baƙo ba. A Kano ka ba baƙo wake gaya, ai sai labarinka ya riga ka zuwa masallaci.

Sai a aji na gane cewa abin da na raina shi ne karatun da ya kawo ni Italiya. Wani masani Ba'amurke, Ancel Keys, ya lura tun shekarun 1950 cewa ciwon zuciya bai cika kama talakawan kudancin ƙasar ba. A 1958 ya fara bincike kan alaƙar abinci da ciwon zuciya a ƙasashe bakwai, daga baya ya gina gida a ƙauyen Pioppi, ya rasu a 2004 yana da shekara 100. A 2010 UNESCO ta sa wannan cima ta Bahar Rum cikin al'adun duniya da za a kiyaye. Kuma mene ne a ciki? Wake, ganye, hatsi, kifi, nama jefi-jefi. Italiyawa da kansu girkin talaka suke ce mata, suna faɗa da alfahari.

Mu fa? Kwaɗon zogale, rama da ƙuliƙuli, garau-garau, furar gero, duk muna da su, amma mun mayar da su abincin ƙarshen wata, a ci a ɗaka a goge baki. Inda suka fi mu shi ne mai. Mafi kyawunsa ɗanye suke zubawa bayan an sauke tukunya. Mu kuwa sai man gyaɗa ya yi hayaƙi, a soya ƙosai yau, gobe a maimaita da shi.

Kada dai in yi musu yabon ɗan kuturu. Jikokinsu sun koma lemon kwalba da soye-soye, har yankin Kampaniya, inda Napoli take, ya shiga sahun gaba wajen ƙibar yara a Italiya.

Makon jiya na yi wa dattijuwar ɗanwake da kukar da na zo da ita daga gida. Yajin ya sa ta hawaye, amma sai da ta nemi ƙari.