Mun Toshe wa Gida Hanci

Mu da iyayenmu suka zo Jalingo fatauci tun ana Gongola, kafin a yanke Taraba a 1991, a gidajen ƙasa muka tashi: katanga mai kauri, 'yar taga can sama, zaure a bakin ƙofa. Namu gidan haka yake har 2023, shekarar da aka cire tallafin mai, janareta ya fi ƙarfinmu. Muka yi karo-karo da 'yan'uwa, aka ce a sa sola, a gyara gidan gaba ɗaya kowa ya huta.

Aka ɗora faranti huɗu a kan kwano, aka kawo batir biyu da inbata, aka canja ƙwayaye zuwa masu cin wuta kaɗan. Wannan kam har gobe ba mu yi nadama ba. Inda muka yi wauta shi ne sauran aikin. Aka cire luba aka sa tagar gilashi mai ja, aka buga silin roba, aka yaɓe bango da siminti ciki da waje, aka bi da fenti mai mai. 'Yan kafofin nan na ƙarƙashin rufi kuwa, magini ya ce ƙura da ƙadangaru kawai suke shigarwa. Muka ce toshe.

Hunturu ya yi mana daɗi, gaskiya, ba ƙura ba sanyi. Sai Maris ya shigo. Ashe taga mai ja, ko me za ka yi mata, rabi take buɗewa, luba kuwa kusan duka. Kwano ya wuni yana shan rana, zafin ya taru tsakaninsa da silin, ba kafar fita. Ƙarfe biyun dare fanka na juyawa, mu muna jiƙe sharkaf. Muka ce damina na tafe.

Damina ce ma ta tona mu. Katangar ƙasa tana tsotsar danshi daga gindinta, da can ta jikinta take fitar da shi, yanzu siminti da fenti sun rufe hanya. Kafin ƙarshen Agusta fenti ya kumbura, fumfuna ta yi baƙi a bayan gadon Inna, ɗakin na wari kamar an manta jiƙaƙƙen wanki. Asmarta da ta shekara biyar a kwance ta tashi. Rannan kuma ana ruwa, aka shigo da murhun gawayi falo aka ja taga. Kafin tuwo ya nuna yara biyu sun kwanta da ciwon kai da jiri. A asibiti likita ya ce gawayi na fitar da wata iska marar launi marar wari da ke kashe mutum a rufaffen ɗaki, mu gode wa Allah da aka buɗe ƙofa da wuri. Da ya ji batir na cikin ɗakin kwana sai ya girgiza kai, wai batir mai ruwa in yana caji shi ma iska yake fitarwa.

Inna ba ta yi dogon zance ba. Ta naɗe tabarmarta ta koma zaure, wurin da kuɗi suka ƙare ba a taɓa shi ba. "Kun toshe wa gida hanci," in ji ta, "ta ina kuke so ya yi numfashi?"

Mun sake kiran maginin nan, da kuɗinmu kuma, ya fasa kafofin da ya toshe aka sa musu raga. Batir ya koma wani ɗan ɗaki mai iska a tsakar gida, gawayi ba ya ƙara tsallake ƙofa. Simintin bango da tagogin dai suna nan, don aljihu ya ƙi.

Maƙwabcinmu ya sauke bulo da gilashi makon jiya. Mun ba shi labari tsaf, ya ce ai 'yarsa za a aurar bayan Sallah, gilashi ya fi fita a idon baƙi. Inna kuwa mun yi lallashin duniya ta koma ɗakinta, ta ce sai ta ga yadda bazarar bana za ta kaya.