Mun Ziyarci Ramin Nkrumah A Tamale

Tsakanin Kumasi da Tamale tafiya ce ta kimanin kilomita 380, kuma wanda ya bi hanyar da rana zai ga yadda ƙasa take sake kama a hankali. Daga Techiman zuwa Kintampo kurmi yana ta raguwa, in an haye gadar Buipe a kan Baƙin Volta da ta Yapei a kan Farin Volta, sai kaɗanya da kuka da gonakin dawa su maye gurbin ayaba da gonakin koko. Wannan yanki ba baƙo ba ne ga 'yan Zango. Kakanninmu fatake sun sha ratsa shi da jakuna zuwa kasuwar goro ta Salaga, kafin yaƙin basasar 1892 ya watsa kasuwar, daga baya kuma Turawa suka mai da Tamale hedikwatar Arewa a 1907.

Mu dai ba biki ya kai mu ba, ba kuma fatauci ba. Wani kango muka je gani a unguwar Nyohini, wanda mutanen gari suke kira Nkrumah Volini. A harshen Dagbani "voli" rami ke nan, wato dai cikin ramin Nkrumah.

Asalin ginin rumbu ne na zamani. A farkon shekarun 1960 gwamnatin Kwame Nkrumah ta shiga gina masana'antu da manyan rumbunan kankare domin ƙasa ta riƙa adana abin da ta noma, ta kuma sarrafa shi da kanta. Ana cikin wannan aiki sai sojoji da 'yan sanda suka hamɓarar da gwamnatin ranar 24 ga Fabrairu, 1966, shi kuwa yana kan hanyarsa ta zuwa Hanoi. Aiki ya tsaya cik. Rumbun Tamale ya zauna fiye da shekara hamsin ba hatsi ba mai gadi, ƙasa da shara suka cike shi, har jama'a suka riƙa ƙirƙira masa labarai iri-iri na ban tsoro.

Wanda ya tayar da shi wani ɗan garin ne mai fasahar zane da ƙira, Ibrahim Mahama, haifaffen 1987, wanda ya yi karatu a jami'ar KNUST ta Kumasi. Kada mai karatu ya ɗauka attajirin nan ne ƙanen John Mahama. Suna ne kawai ya zo ɗaya. Wannan ya yi suna ne da tsofaffin buhunan koko, waɗanda bayan sun gama aikinsu suke komawa hannun masu gawayi da masu hatsi. Yakan tara su, a ɗinke su, ya lulluɓe manyan gine-gine da su, kamar yadda ya yi a babban baje kolin birnin Venice na Italiya a 2015. Kuɗin da ya samu a waje bai tsaya da su a can ba. Ya buɗe cibiyar fasaha ta SCCA a Tamale a 2019, ya buɗe Red Clay a bayan gari a 2020, sannan ya sayi wannan rumbu, aka kwashe ƙasar da ta binne shi, aka buɗe shi ga jama'a a 2021.

Abin da ya fara ba mu mamaki da muka shiga shi ne sanyi. A waje rana tana dukan kai, a ciki kuwa kaurin kankare ya tsare zafi kamar randa. Ba a yi wa bangon fenti ba, ba a ɓoye tsufansa ba. Jemagu da suka daɗe da mai da wurin gida an bar su a inda suke, mutum yana tafe yana jin motsinsu a sama. A Red Clay kuma mun tarar da tsofaffin jiragen sama da aka ɗauko a kan manyan motoci aka mai da su azuzuwan yara, ga kuma taragun jirgin ƙasa a ajiye, a yankin da har Turawa suka tafi ba su shimfiɗa masa dogo ba.

Irin wannan aiki ba a Tamale aka fara shi ba. A birnin Cape Town na Afirka ta Kudu an sassaƙe cikin wani tsohon rumbun hatsi na bakin teku aka mai da shi gidan kayan fasaha na Zeitz a 2017. A Landan tsohuwar tashar lantarki ce ta zama Tate Modern a 2000. Amma abin da ya fi yawa a Turai da Amurka ƙarami ne: mutum biyu ko uku su kama hayar tsohon sito ko garejin da aka daina aiki a cikinsa, su kafa tukwanen ƙarfe, su riƙa dafa giya kaɗan-kaɗan suna sayar wa unguwa. A Bermondsey da ke kudancin Landan, rumfunan da ke ƙarƙashin gadar jirgin ƙasa sun cika da irin waɗannan ƙananan masana'antu.

To, mu giya ba abincinmu ba ce, addini ya raba mu da ita, ba kuma tallarta muke yi ba. Amma ba a ƙin koyon saƙa don masaƙin ba ɗan garinku ba ne. Abin tambaya shi ne, me ya sa waɗannan mutane suke neman tsohuwar masana'anta su bar sabon shago? Dalili shi ne abin da ya fi cin kuɗi an riga an yi shi. Akwai daɓen kankare mai ɗaukar nauyin tankuna, akwai rufi mai tsawo da zai bar tururi ya tashi, akwai ƙofar da mota za ta shiga ta sauke kaya, galibi kuma akwai hanyar ruwa da ta babbar wuta. Abin da ya rage musu shi ne su karkata daɓen zuwa magudana, su lulluɓe bango da abin da zai wanku, su keɓe ɗakin sanyi.

Waɗannan kuwa su ne ainihin abubuwan da iyayenmu mata na Zango suke nema. Daga Nima zuwa Aboabo, su wa suke shayar da gari? Masu sobolo ne da masu burkina da masu fura, da masu lamurji, wanda mutanen kudu suke yi wa laƙabi da giyar Hausawa alhali tsamiya ce da citta da kanumfari. Sana'a ce da ta biya kuɗin makarantar yara da yawa, ta kai wasu aikin hajji. Amma har gobe a tsakar gida ake yin ta, kusa da kwata, da murhun itace da robobin da aka tsinto aka wanke. In wuta ta ɗauke, kamar yadda aka sha fama a shekarun dumsor, abin da aka dafa da asuba kafin gobe ya yi tsami. Kowa kuma ya sani, abin sha mai sukari in ya kwana a zafi yakan fara tashi, wanda hakan asara ce ga aljihu, abin shakka ne kuma ga addini. Mai yi a tsakar gida da wuya ta cika sharuɗɗan hukumar FDA mai kula da abinci da magunguna, in ba ta cika ba kuwa manyan kantuna ba za su karɓi kayanta ba.

Wata dattijuwa da ke cikin tafiyarmu, wadda ta daɗe tana sana'ar sobolo, ta shafa bangon rumbun ta dubi jagoran tafiyar ta ce, "Malam, da za a ba mu kusurwa ɗaya ta irin wannan wuri, mu goma, ai da mun huta." Ya ce, "Hajiya, banda wannan, jemagu sun riga ku." Aka yi dariya, amma maganarsa tana kan hanya. Abin da ya dace da gidan kallo bai dace da wurin dafa abin sha ba. Duk wanda zai shiga tsohuwar masana'anta sai ya fara bincika takardun filin, don rigimar fili ta fi ginin tsufa. Sai ya duba ko rufin na asbesto ne, wanda ƙurarsa ke lalata huhu, ya kuma san abin da aka taɓa sarrafawa a wurin, kada ya dafa abin sha inda mai ko guba suka jiƙa ƙasa. Sannan ruwa: a Tamale kanta, da ake jawo shi daga Dalun a bakin Farin Volta, unguwanni da dama sukan yi kwanaki famfo bai zo ba.

Ƙasar nan ba ta rasa kangaye ba. Wanda ya wuce ta Pwalugu ya san labarin masana'antar tumatir, na Bolgatanga sun san ta nama a Zuarungu, mu na Kumasi mun san ta buhuna a Ahinsan. Ba muna cewa matan Zango su karɓi waɗannan manya ba ne. Kusan kowane gari yana da ƙananan sito da gidajen niƙa da gareji da aka rufe, wasu na gwamnati, wasu na magada. Irin waɗannan su ne daidai ƙarfinmu. Mata goma da suka saba adashi za su iya haɗa kuɗin haya da tukunya babba da firji, kowacce ta san ranarta. Sarakunan Zango da limamai da 'yan majalisar gunduma kuwa su ne za su shige gaba wajen neman izini, don magana ta fi nauyi in ta fito daga bakin shugabanni.

Ibrahim Mahama bai jira gwamnati ta tuna da rumbunta ba. Ya duba abin da kowa yake wucewa yana kawar da kai, ya ga bango da rufi da sauran ƙarfi a jikinsu. Muna kira ga masu karatu, musamman ƙungiyoyin matasa da na mata, kowa ya zaga unguwarsu ya ƙidaya gine-ginen da ke kulle, ya tambayi mai su. Wanda kuma hanya ta kai shi Tamale, ya daure ya leƙa Nyohini ya gani da idonsa, don gani ya kori ji. Allah ya sa albarka a sana'o'inmu, ya ba ƙasarmu zaman lafiya, amin.