Ma'aunin Gem a Tudun Wada

Duk wanda ke leƙa gidajen gem na Tudun Wada ya san har yau PES 2021 na da jama'a, alhali Konami ta mayar da shi eFootball tun 2021, EA kuma ta ajiye sunan FIFA a 2023. Masu sharhi na Turai sai su ce an bar mu a baya. Ni da nake rubuta wa 'yan ajinmu sharhin gem a WhatsApp, ma'aunina daban ne.

Tambaya uku nake yi. Yana aiki ba data? Tsohuwar PS4 za ta ɗauke shi? In aka ɗauke wuta ana tsakiyar wasa, me za ka rasa? Gem ɗin da ya faɗi biyu, komai kyan hotonsa, ba namu ba ne. Bature bai san zafin sayen data da kuɗin abincin sati ba.

Haka nake auna 'yan tsanan Goku da Spider-Man da nake tsinta cikin kayan gwanjo a Kasuwar Barci. Na duba gaɓoɓi, na duba fenti, na nemi tambarin kamfani a ƙafa. Jabu yawanci ba shi da nauyi, fentinsa kuma ya zarce layi. A gida Hajiya ba ta yarda da mutum-mutumi a ɗaki ba, shi ya sa nawa ke cikin kwali, kuma ban ja da ita ba.

'Yan Kadpoly, kafin ku zuba kuɗi, ku tambayi wanda ya buga gem ɗin da irin wutarku da irin aljihunku.